Yadda Turanci ya zama mabuɗin gaba a makarantunmu

Mai karatu, yaron da ya tashi a ƙauyukan Shanono ba ya shiga aji ɗaya hannu rabbana. Yana da Hausarsa, wani ma har da Fulatanci, kuma a makarantar allo ya riga ya fara babbaƙu da farfaru. Amma in an zo jarrabawa, harshe ɗaya ne ke yanke masa hukunci, shi ne kuwa wanda ba ya ji a gida ko a gona. Wannan tsari yana da mafari.

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nassarawa, Kano. Tun daga nan aka kasa ɗalibai: 'ya'yan sarakuna daban, malamai daban, masu koyon sana'a daban. Da Hausa ake koyarwa, amma da haruffan boko. Ka ga kenan mutumin da ke rubuta wasiƙa da waƙa da ajami ya wayi gari rubutunsa ba ya kai shi ofis.

A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu da Turanci. Daga baya tsani ya fito sarari: elementare da Hausa, midil da Turanci. Midil kuwa ƙalilan ce, a manyan garuruwa take, nesa da ɗan manomi. Wanda ya tsaya a elementare zai iya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, amma manyan kujeru na wanda ya haye ne.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai azuzuwa cikin karkara. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin, sannan a koma Turanci. To amma ƙofar jami'a ba ta sauya ba: in ba ka ci Turanci a WAEC ko NECO ba, sai haƙuri. Ɗan mai hali a birnin Kano yana jin Turanci tun daga nazire. Ɗan Shanono kuwa nauyi biyu yake ɗauka lokaci guda: ya koyi darasin, ya kuma koyi harshen da aka rubuta darasin.

Za ka iya cewa, to a fara Turancin da wuri mana. An taɓa gwada akasin haka. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci yana darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Dalilin mai sauƙi ne: sau ɗaya mutum yake koyon yadda harafi ke zama sauti, sauti ya zama ma'ana. In ya koya da harshen da yake ji, sai ya ɗauki dabarar zuwa harshe na biyu.

Har yau ba a gama wannan ja-in-ja ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare shida. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta, aka koma Turanci.

Don haka in ka ga sakamakon wata makarantar ƙauye ya yi ƙasa, kafin ka ce yaran ba su da kai, tambayi abin da aka auna: lissafin da suka iya, ko Turancin da aka yi tambayar da shi?