Shin tsiron ado na iya maye gurbin matatar ruwa a akwatin kifi?

Bidiyoyi a TikTok da YouTube na nuna akwatin gilashi na kifin ado, an soka reshen tsiro a bakinsa, saiwoyi na reto cikin ruwa, tare da iƙirarin cewa daga nan an rabu da sayen matata da wahalar canjin ruwa. Ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ke ɗaukewa na sa'o'i, wannan albishir ne mai daɗin ji. Rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin kuma shi ke kashe kifi.

Kifi na fitar da sinadarin amoniya, akasari ta gaɓar numfashinsa da ke gefen kai, sannan kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ƙara wani. Amoniya guba ce, kuma dafinta na ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi. A kogi ruwa mai gudu ke tafiya da ita; a akwati babu inda za ta je. Abin da ke ceton kifin shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya da ke maƙale a jikin soson matata da tsakuwar ƙasan akwati. Wani rukuni, irin su Nitrosomonas, na juya amoniya zuwa nitirait, wadda ita ma guba ce domin tana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Wani rukunin, irin su Nitrospira, na juya nitirait zuwa nitiret, mai sauƙin illa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da za su riƙe sabon akwati, akan ɗauki mako 4 zuwa 6.

Nitiret ɗin ba ta da mafita, taruwa take yi, shi ya sa ake canjin ruwa. Masu kiwo da dama na ƙoƙarin riƙe ta ƙasa da miligiram 40 a kowace lita. A nan ne tsiro ke shigowa: nitiret da amoniya abincinsa ne, nau'in sinadarin naitirojin ɗin da manomi ke biyan kuɗi ya samu a buhun takin zamani.

Dalilin da ya sa tsiron ɗaki ya fi wanda ke nutse a ruwa saurin wannan aiki shi ne ganyensa na waje. Yana samun iskar kabon daga sarari kai tsaye, ga haske wadatacce, alhali tsiron da ke ƙarƙashin ruwa na fama da ƙarancin wannan iska. Diana Walstad ta yi bayanin wannan fifiko a littafinta na 1999, Ecology of the Planted Aquarium. Tsiron da ya fi saurin girma shi ya fi zuƙar datti, kuma abin da ya zuƙa ya rage wa gansakuka abinci. Kainuwa ma haka take yi a kududdufi.

Wanda ya fi shahara shi ne potos, mai yaɗo da ganye mai siffar zuciya, wanda masana ke kira Epipremnum aureum. Akwai Spathiphyllum mai farin fure, da Dracaena sanderiana da ake sayarwa da sunan gorar sa'a, ko da yake ba gora ba ce. Mafi araha kuwa yaɗon dankalin Hausa ne, wanda ke fitar da saiwa cikin 'yan kwanaki. Sai dai kada a nutsar da ɗan dankalin kansa, ruɓewa zai yi. Ƙa'idar duka ɗaya ce: saiwa a ruwa, ganye a waje. A wanke ƙasar tukunya tas, kuma tsiron da aka sayo daga masu sayar da furanni a bakin titi a ajiye shi a ruwa daban na 'yan makonni, domin mai yiwuwa an fesa masa maganin ƙwari, wanda kaɗan daga cikinsa ya isa ya hallaka kifi. Ganyen potos da na Spathiphyllum na ɗauke da sinadarin da ke ƙona baki idan aka tauna, don haka a nisanta su daga yara da kyanwa.

Inda iƙirarin ya karye shi ne batun iska. Matata ba tace datti kaɗai take yi ba. Tana motsa ruwa, oksijin na shiga, kifi da bakteriya su numfasa. Tsiron da ganyensa ke waje a sarari yake sakin oksijin ɗinsa, saiwoyinsa kuma shaƙa suke yi daga ruwan. Ga zafi: ruwa mai ma'aunin digiri 20 na riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, a digiri 30 kuwa ya sauko kusan 7.5. Ke nan a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, idan wuta ta ɗauke cikin dare, potos ba zai hana kifi hawowa saman ruwa yana haki ba. Ƙaramin famfon iska mai batir ya fi reshe goma amfani a wannan dare.

Haka kuma tsiro ba ya kwashe kashin da ya kwanta a ƙasa, ba ya cire sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan famfo, kuma reshe guda ba zai iya da akwatin da aka cunkusa wa kifi ba. Masu tallar tsirrai kan jingina da binciken hukumar NASA na 1989, wanda potos na cikin tsirran da aka gwada. Wancan bincike kan iskar da ke cikin rufaffen akwatin gwaji aka yi shi, bai shafi ruwan kifi ba.

Abin da za a iya tsammani shi ne nitiret ta riƙa taruwa a hankali, gansakuka ta ragu, tazarar canjin ruwa ta ɗan ƙaru. Hanyar tabbatarwa ita ce kayan gwajin ruwa, ba kallon ido ba, domin ruwa garai-garai na iya ɗauke da amoniya. A gwada har da ruwan da ake zubawa: rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da aka yi wa taki na iya zuwa da tata nitiret ɗin, wani lokaci sama da miligiram 50 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha. Har sai gwaji ya nuna akasin haka, a ci gaba da canza kusan rubu'in ruwan akwatin kowane mako.