Dave, Bawan da Ya Rubuta Sunansa a kan Randa

Jama'a, yau labarinmu ya kai mu Amurka, jihar Karolina ta Kudu, wani yanki da ake kira Ejifil. Ƙasar wurin tana da yumɓu mai kyau. Wajen shekara ta 1800 aka haifi wani baƙar fata a can, cikin bauta. Sunansa Dave. Maginin tukwane ne, a wurin aiki ya koyi sana'ar, da ido da hannu.

Randunansa manya ne ƙwarai. Akwai mai cin lita 150. Yana gina su bisa faifai mai juyawa, ya shafe su da ruwan toka da yumɓu, a gasa. In sun fito daga wuta sai su yi santsi da ƙyalli, ba sa yoyo. Cikinsu masu manyan gonaki ke ajiye nama mai gishiri da kitse. Kuɗin kuwa na ubangijinsa ne.

To, ga abin da ya sa na kawo muku labarinsa. A 1834 gwamnatin jihar ta yi doka: kada kowa ya koya wa bawa karatu ko rubutu. Bawan da ya koya wa ɗan'uwansa, bulala ce hukuncinsa, har zuwa hamsin. A wannan shekarar ce Dave ya yi rubutu a kan wata randa. Tun yumɓu yana ɗanye yake ɗaukar tsinke ya rubuta kwanan wata, wani lokaci da ƴar gajeriyar waƙa, daga baya har da sunansa. Ku duba fa: takarda ana iya ɓoye ta, ana iya ƙona ta. Amma rubutun da ya shiga wutar gashi ba ya gogewa, kuma randa sayar da ita ake yi, kowa ya gani. Ni dai a ganina wannan ƙarfin hali ne.

A kan randar 1857 ya yi cigiyar danginsa. A lokacin, ana sayar da bawa a raba shi da matarsa da ƴaƴansa.

Bauta ta ƙare a Amurka a 1865. Dave ya ga wannan rana da idonsa, ya ɗauki suna David Drake. Da wannan sunan aka rubuta shi a ƙidayar jama'a ta 1870, kuma bai daɗe ba bayan haka ya rasu. A 2021 an sayi randarsa guda a kan dala miliyan ɗaya da rabi, aka kai ta gidan adana kayan tarihi.