Isma'ila Mabo: Katangar Jos da ta kai matan Afirka gaba

A tarihin ƙwallon ƙafa, mai jefa ƙwallo a raga shi ake yi wa kirari, shi yara ke kwaikwayo a fagen unguwa. Mai tsaron baya kuwa aikinsa hana abu faruwa ne, abin da bai faru ba kuma da wuya a rubuta shi. Wannan ne ya sa sunan Isma'ila Mabo bai yi tashe ba a Ƙonni da Malbaza da Illela kamar na ƴan wasan Turai, alhali kuwa mutum ne na ƙasar Hausa, wanda ya bar abin da har yau babu ƙasar Afirka da ta wuce shi.

An haifi Mabo a garin Jos a shekarar 1944, ana dab da ƙare yaƙin duniya na biyu. Jos ta lokacin garin haƙar kuza ce, inda Hausawa da Birom da Ibo da Yarbawa suka haɗu wajen neman abinci, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da na fagen wasa. Makarantu da ma'aikatu su suka raini tamola a garin, domin a zamanin ɗan wasa ba ya rayuwa da ƙwallo kaɗai: da safe ma'aikaci ne, da la'asar ya ɗaura takalmi. A cikin wannan yanayi Mabo ya tashi, har ya shiga ƙungiyar ɗaliban Nijeriya da ta doke ta Gana a birnin Akara a 1966, a lokacin da Gana ke riƙe da kofin Afirka na manya.

Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sai attajiri Alhaji Isiyaku Ibrahim ya ɗauki nauyin ƙungiyar Mighty Jets ta Jos. A gaba akwai Sam Garba Okoye da ƴan gidan Atuegbu, masu tada ƴan kallo tsaye. A tsakiyar baya kuwa Mabo ne, kyaftin. Mai wannan gurbi yana ganin fili gaba ɗaya, saboda haka shi ke jera abokansa, shi ke hango inda ɓaraka za ta ɓullo tun ba ta ɓullo ba. Ƙafa na da amfani a wurin, amma ido da baki sun fi ta. A 1972, shekarar da aka fara gasar ƙasa ta ƙungiyoyin Nijeriya, Mighty Jets ce ta zo ta ɗaya. Mabo ya kuma sa rigar ƙungiyar ƙasa, wadda a da ake kira Green Eagles.

Sai dai akwai kofin da ya ƙi zuwa hannu, wato Challenge Cup, wanda aka fara tun 1945. A wasan ƙarshe na 1972 Jets ta yi kunnen doki 2 da 2 da Bendel Insurance, aka sake karawa a Ibadan, Bendel ta ci 3 da 2. A 1974 kuma Enugu Rangers ta hana ta. Mabo ya rataye takalmi bai ɗaga wannan kofi ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce gwarzon gari guda ne. Amma da ya koma horarwa, sai aka damƙa masa ƙungiyar mata ta ƙasa, Super Falcons, aikin da maza da yawa a lokacin suke ɗauka ƙasƙanci ne. A gasar matan Afirka ta 1998, wadda aka yi a Kaduna da Abeokuta, ƴan wasansa sun ɗauki kofi ba tare da an jefa musu ko ƙwallo ɗaya ba. Duk mai son ganin hannun tsohon mai tsaron baya, to ya duba nan.

A gasar duniya ta 1999 a Amurka suka doke Koriya ta Arewa 2 da 1, suka sha kashi 7 da 1 a hannun masu masauki, sannan suka farfaɗo suka ci Danmak 2 da 0. Ta haka suka zama ƙungiyar matan Afirka ta farko da ta shiga sahun takwas na ƙarshe. Ranar 1 ga Yuli suka haɗu da Brazil. Kafin hutun rabin lokaci an ci su 3, har Mabo ya canza mai tsaron raga. Bayan hutu Prisca Emeafu da Nkiru Okosieme da Nkechi Egbe suka farke duka ukun, sai a ƙarin lokaci Sissi ta raba gardama da bugun tazara, aka tashi 4 da 3. A wasannin Olamfik na 2004 a Atina ya sake kai su wannan mataki, inda Jamus ta fitar da su da 2 da 1. A gasar duniya ta 2023 ƙasashen Afirka uku sun kai zagaye na 16, amma babu wadda ta taka inda ƴan wasan Mabo suka taka. Shi kuwa Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na wannan shekara, yana da shekara 78.

Waiwaye adon tafiya. An san tarihin Mabo ne domin jaridu sun rubuta, kyamara kuma ta ɗauka. Tsofaffin masu tsaron baya na Ƙonni da Malbaza da Illela, waɗanda suka yi wasa a filin rairayi tun zamanin gasar Samariya, nasu tarihin yana bakin dattawa ne kawai. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su ke da alƙalami da na'urar ɗaukar murya, ya kamata su isa ga waɗannan dattawa tun suna raye.