BABI NA UKU: SAUYIN SHUGABANNIN ƘASA A NIJERIYA DA MATSAYIN ALHAJI SHEHU SHAGARI A CIKINSA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ƙasar Dandin Mahe da dangantakarta da Shagari da Yabo da Bodinga. A wannan babi kuwa za a duba yadda shugabancin Nijeriya ya riƙa sauya hannu tun daga samun mulkin kai, musamman hawa da saukar Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda ɗan wannan yanki ne. Za a kuma kwatanta da ƙasar Somaliya. Manufa ita ce a nuna cewa miƙa mulki ba ya ɗorewa sai idan wanda ya sha kaye ya yarda da hanyar da aka bi.

3.1 Gadon Mulki a Tarihin Yankin

Rikicin gadon mulki ba baƙo ba ne a wannan yanki. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune a Bodinga. Kafin ya iso Sakkwato jama'a sun riga sun yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Wannan ya kawo ɗan sanyin zumunci tsakaninsu, har zuwa yaƙin Kalambaina, inda Bello ya kai wa baffansa gudummawa, shi kuma Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Wannan yarda ta taimaka wajen hana daular rabewa tun tana ƙarama.

3.2 Daga 1960 zuwa 1979

Nijeriya ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista. Dokta Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa a 1963, amma iko yana hannun Firayim Minista. Ran 15 ga Janairu, 1966 aka yi juyin mulki na farko, aka kashe Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato, mulki ya faɗa hannun Janar Aguiyi-Ironsi. A watan Yuli na shekarar aka kashe shi, Yakubu Gowon ya hau. Murtala Muhammed ya karɓa a 1975, aka kashe shi ran 13 ga Fabrairu, 1976, Olusegun Obasanjo ya gaje shi. Ke nan sau huɗu shugabanci ya sauya hannu, babu ko sau ɗaya da aka tambayi talaka.

3.3 Hawan Alhaji Shehu Shagari

An haifi Shehu Shagari a garin Shagari a 1925. Ya yi elementare a Yabo, midil a Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna. Ya yi aikin koyarwa kafin a zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai a 1954. Ya riƙe minista a jamhuriya ta farko, ya kuma zama Kwamishinan Kuɗi na Tarayya a zamanin Gowon.

A zaɓen 11 ga Agusta, 1979 ya tsaya a jam'iyyar NPN, ya sami ƙuri'a kimanin miliyan 5.7, Cif Obafemi Awolowo na UPN ya sami kimanin miliyan 4.9. Sauran 'yan takara su ne Azikiwe da Malam Aminu Kano da Alhaji Waziri Ibrahim. Sai dai doka ta ce dole mai nasara ya sami kashi 25 cikin 100 a biyu bisa uku na jihohi, jihohin kuwa 19 ne. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuma ya sami kusan kashi 20. Awolowo ya kai ƙara, yana cewa biyu bisa uku na 19 shi ne 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku, don haka abin da ake bukata a Kano shi ne rubu'in biyu bisa uku na ƙuri'unta, wato ɗaya bisa shida. Kotun Ƙoli ta karɓi wannan lissafi ran 26 ga Satumba, aka rantsar da shi a Ikko ran 1 ga Oktoba. Wannan ne karo na farko da soja suka miƙa wa zaɓaɓɓen farar hula mulki a Nijeriya, amma da yawa daga magoya bayan UPN ba su gamsu da hukuncin ba.

3.4 Saukarsa

Farashin man fetur ya faɗi tun daga 1981, a 1982 gwamnati ta kawo matakan tsuke bakin aljihu, kayan masarufi suka yi wuya. A haka aka shiga zaɓen Agusta, 1983, aka bayyana cewa Shagari ya sami ƙuri'a kimanin miliyan 12. 'Yan adawa suka ce an tafka maguɗi. A jihar Ondo an yi tarzoma da asarar rayuka kan zaɓen gwamna, daga baya kotu ta mayar wa Michael Ajasin kujerarsa. Ran 31 ga Disamba, 1983 Birgediya Sani Abacha ya sanar da juyin mulki, Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaba. An tsare Shagari har 1986, lokacin da kwamitin bincike ya wanke shi daga zargin cin dukiyar jama'a, aka mayar da shi garinsu. Ya rasu ran 28 ga Disamba, 2018, aka yi masa sutura a Shagari.

Bayan Buhari sai Babangida a 1985, wanda ya soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, sai Shonekan, sai Abacha, sai Abdulsalami Abubakar wanda ya miƙa wa Obasanjo a 1999. Ba a ga farar hula ya miƙa wa farar hula ba sai 2007, ba a kuma ga shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya sauka ba sai 2015, lokacin da Goodluck Jonathan ya miƙa wa Buhari.

3.5 Kwatanci da Somaliya

Somaliya ta sami mulkin kai shekara ɗaya da Nijeriya, kuma ta riga ta wannan nasara da shekara 48. A 1967 Shugaba Aden Abdullahi Osman ya sha kaye a zaɓen da majalisa ta yi, ya miƙa wa Abdirashid Ali Sharmarke lami lafiya. Amma a zaɓen Maris, 1969 jam'iyyu sama da 60, akasari na dangi, suka yi takarar kujeru 123, aka yi ta kukan maguɗi. Ran 15 ga Oktoba aka harbe Sharmarke a Las Anod, bayan kwana 6 Janar Siad Barre ya ƙwace mulki. Ya zauna har Janairu, 1991, da ya faɗi kuma gwamnatin tsakiya ta faɗi tare da shi, domin bai bar hanyar da za a gaje shi ba.

3.6 Naɗewa

Idan aka duba, za a ga cewa juyin mulkin 1969 a Somaliya da na 1983 a Nijeriya duk sun biyo bayan zaɓen da waɗanda suka faɗi ba su yarda da shi ba, shi ya sa soja suka sami ƙofa a buɗe. Haka kuma miƙa mulki sau ɗaya, kamar na 1967 ko na 1979, bai isa ya zama al'ada ba. A babi na gaba za a duba yadda jama'ar Dandin Mahe suka shiga siyasar jamhuriya ta biyu.