Ragowar Fenti: Waiwaye Kan Talla da Zane a Ƙasar Kabi

Duk wanda ya bi titin Gwadangaji a Birnin Kebbi da safe, lokacin da ma'aikata ke tururuwa zuwa sakatariyar jiha, idonsa ba zai huta ba. Ga banar mai sayar da taki, ga ta makarantar kuɗi, ga fostar ɗan takarar da aka gama zaɓensa tuntuni amma fuskarsa ta ƙi barin bango. Kusan duka kamanninsu ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su: launi mai ƙyalli, haruffa masu inuwa, hoton da aka tsinto a intanet. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan waiwaye kuwa wani kifi ne, giwan ruwa, da na taso ina gani a jikin ƙofar shagon wani tsoho mai rubutun allo. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Da ragowar fentin aikin mutane ya zana abinsa, kuma har yau ban ga allon da ya yi wa wani ya kama ƙafar wannan kifi ba.

Asalin talla a wurinmu murya ce. Yarinya ta ɗora faifan ƙosai ko ƙwaryar fura a ka, ta bi lungu tana rangaɗa kira, kowace da salon da masu saye ke gane ta da shi tun daga cikin ɗaki. Idan saƙon na fada ne, sanƙira ke ɗaukarsa. Idan mutum ake son a ɗaga, maroƙi ya san aikinsa. Zane kuma yana can wani gefe, ba ruwansa da ciniki: zayyanar da alaramma ke yi wa allon ɗalibin da ya sauke, aska takwas a ƙirjin babbar riga, ƙwaryar da aka ƙona wa ado da wuƙa mai zafi, dagi a goshin zaure. Masu waɗannan ayyuka ba su taɓa kiran kansu masu talla ba, amma su suka horar da idon jama'a tun kafin kowane kamfani ya iso.

Kamfanoni sun zo da nasu tsari daga bakin teku. A 1928 aka kafa kamfanin West African Publicity a Legas, wanda daga baya ya koma Lintas, kuma daga irin waɗannan ofisoshi allunan ƙarfe da fostoci suka riƙa hawowa Arewa tare da kayan kanti. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya, Abubakar Imam na riƙe da alƙalaminta, talla ta sami gurbi a takardar Hausa. Sai dai masu karatun boko a lokacin ba su da yawa, don haka mutane suka yi wa kamfanonin gyaran da ba su nema ba. Suka ajiye sunan da Bature ya rubuta, suka raɗa wa kaya suna da hoton da ke jikinsu: taba mai zobe, mai basukur, daga baya batir mai kan damisa. Duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin sana'ar talla a ƙasar Hausa, hoto ne ke shiga kasuwa, rubutu yana biye.

'Yan siyasa sun riga 'yan kasuwa ganewa. Fartanya ta NPC ce, tauraro na NEPU. A 1979 gida da masara suka raka Alhaji Shehu Shagari fadar mulki a ƙarƙashin NPN, mabuɗi kuma na PRP. A 1993 aka kara tsakanin doki da mikiya, sannan lema da masara suka karɓi fage a 1999, shekarar da Adamu Aliero ya zama gwamnan Kebbi a jam'iyyar masara, kafin tsintsiya ta shigo wannan fage. Tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba ta san inda za ta dangwala, kuma a kowane zagaye mai fentin unguwa ne ke kwafe alamar a bango da ƙyalle da jikin mota.

Kafin in shiga zancen masu fenti, bari in ratse kaɗan. Zanen da ya fi kowane zane yawo a ƙasar nan aikin gefe ne. Taiwo Akinkunmi ɗalibi ne a Landan, fannin injiniya yake karanta, ya ga sanarwar gasa a jarida ya zana tutar Najeriya, aka zaɓe ta a 1959, ya karɓi fam 100. Shi ma bai tsira daga hannun mai aiki ba: a zanensa akwai jar rana a tsakiyar farin, kwamiti ya cire ta. Duk mai zanen da aka taɓa ce wa "yi mini kamar na wane" zai ji wannan labari a jikinsa.

Zamanin mai burushi shi ne ya fi daɗe mini a rai. Daga shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka shimfiɗa tituna, manyan motoci suka yawaita tsakanin Sakkwato, Argungu, Birnin Kebbi, Jega da Yawuri, aikin mai rubutun allo ya buɗe. Abincinsa na kullum ba wani abin burgewa ba ne: allon tela, allon kemis, sunan makarantar firamare, lambar mota, "ba a fitsari a nan". Mai aiki ya zo da kalmominsa, ya yi ciniki har ya gaji, ya zaɓi launin da ya fi arha. Yaron shago kuwa sai ya shekara yana goge katako da wanke burushi da kananzir kafin a yarda ya ja layi ɗaya.

Inda hannu ke sakewa shi ne bayan gingimari. Direba ba ya tsayawa a kanka, shi dai motarsa ta fita daban a tasha. A nan ake ganin zaki ya danne barewa, dawisu ya baje wutsiya, masallaci mai hasumiya biyu, doki da mahayinsa, da addu'a ko habaici a ƙasa cikin haruffan da aka murɗa yadda aka ga dama. Sau da yawa kuɗin bai kai wahalar ba, wani lokaci ma ladan ɗaukar kaya ne kawai zuwa wani gari. Amma a nan mai fenti ke gwada abin da ba zai yi kasadar gwadawa a allon mai kanti ba: haɗa launi biyu su narke cikin juna, ba wa harafi ƙafa da inuwa, kewaye rubutu da irin adon da ya gani a zayyanar allo tun yana makarantar tsangaya. Idan ya yi kyau, bayan wata shida sai ka gan shi ya sauko kan allon mai shayi da na mai aski. A ganina haka sabon salo ya riƙa shigowa wannan sana'a, ta ƙofar baya, daga aikin da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci.

Argungu kuma ta ba yankin hoton da babu mai irinsa. Bikin kamun kifi a sigarsa ta yanzu ana danganta shi da 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, alamar an rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Daga nan masunci riƙe da homa, gora a ƙarƙashinsa, yana faɗawa kogin Matan Fada, ya zama fuskar Kabawa a kalanda da riguna da allunan maraba. Lokacin biki kaka ce ga masu zane: rumfuna, tutocin kamfanonin da suka ɗauki nauyi, hulunan kwali, ƙyallayen da ake ratayawa a hanya. Da bikin ya tsaya kusan shekara goma, ba masunta kaɗai suka ji a jika ba. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016 alhali ba a yin sa, sai a Maris na 2020 aka sake shiga ruwa.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta wayi gari babban birni. Kowace ma'aikata tana son allo, kowane ofis yana son hatimi da takarda mai tambari, kowace motar gwamnati tana son suna a ƙofa. Masu fenti da masu yanka hatimi a roba sun ga aikin da ba su taɓa gani ba, sai dai ashe ganin ƙarshe ne. A daidai wannan lokaci masana'antar fim ta Kano, wadda ake fara lissafinta daga Turmin Danya na 1990, ta cika shagunan kaset da fostoci masu hotunan mutane na gaske, ido ya saba da hoto ya fara raina zanen hannu. Kwamfuta ta biyo baya da CorelDRAW, sannan injin buga bana ya zo ya ƙarasa. Abin da mai burushi zai kwana uku yana yi, yaro zai haɗa shi kafin la'asar, a buga shi da mita. Wasu tsofaffin suka koma fentin gida, wasu suka koma gona.

Ba zan yi wa kwamfuta butulci ba. Ta sauƙaƙa, ta rage kuɗi, ta ba wa mai ƙaramin jari allon da a da sai mai kanti. Abin da ta kashe shi ne ragowar fenti. A injin bana ba a saura, kowane taku na leda da lissafinsa, kuma mai shago ba zai bar yaro ya buga abin wasa ba. Shekaru da dama aikin ya koma kwafe: a buɗe fayil ɗin jiya, a canza suna da hoto, a miƙa. Lokacin zaɓe ne abin ya fi muni, ɗan takara ashirin, zubin fosta ɗaya.

Shinkafa ce ta sake motsa tafkin. A Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi. A Disamba 2016 shinkafar Lake ta shiga kasuwar Legas, sunan da aka ƙera daga farkon sunayen jihohin Legas da Kebbi a Turance, dabarar da ta yi wa shinkafar rabin tallarta kafin a buɗe buhu. A 2017 WACOT ta buɗe masana'antarta a Argungu, ga Labana a Birnin Kebbi. Buhu ya zama allon talla mai tafiya da kansa, har ƙananan masu casa da matan da ke turara shinkafa a gida suka fara tambayar yadda za a sa wa nasu suna da sitika. Masu kilishi da yaji da turaren wuta suka bi sahu.

Manyan kamfanoni suna da masu yi musu zane a manyan birane. Waɗannan ƙananan kuwa wa ke yi musu? Ɗalibin Kwalejin Waziri Umaru ne a ɗakin kwanansa, da malamar firamare bayan an tashi, da ma'aikacin sakatariya da ya dawo gida ya jingina da bango da wayarsa. Ba ɗayansu da zane ne babban aikinsa. Da Canva da makamantanta suke haɗa katin biki da tambarin shago, a tura ta WhatsApp, a biya ta banki ko da katin waya. Sana'ar da a da take da aikin gefe, yanzu ita kanta ta koma aikin gefe.

Yawancin abin da ke fitowa daga wayoyin nan, in faɗi gaskiya, zubin da manhaja ta tanada ne, wanda yaro a Indiya ko Brazil ma shi yake amfani da shi. Amma waya ta dawo da abu guda da injin bana ya ƙwace, wato damar ɓata lokaci kyauta. Cikin waɗanda nake bibiya, masu hannu su ne waɗanda ke zana abin da ba a sa su ba: ƙofar gidan tarihi na Kanta, kwalekwale a fadama, ɗinkin hular kakansu da suka mayar adon gefen kati. Irin wannan suke ɗorawa a shafukansu, kuma shi ke jawo musu mai aiki, ko da yake in ya zo sau da yawa na wane yake so a yi masa.

Akwai kuma wata 'yar matsala da tsohon mai burushi bai taɓa sani ba. Da yawa daga kyawawan haruffan kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa bana ke cika gari da "kasa" a inda ake nufin ƙasa, da "bata" a inda ake nufin ɓata. Kwanan baya na tsaya wani shago a nan Gwadangaji in karɓi katin ɗaurin auren ƙanwata, na tarar da yaron ya faɗaɗa harafi ɗaya ya cika fuskar kwamfuta, yana lanƙwasa masa ƙugiya da hannu, a hankali, kamar mai ɗinkin hula. Maigidansa ya leƙo daga ciki.

"Kai, wanga aiki ba a biya ka shi ba. Buga musu hakanan, wa zai lura?"

"Yi haƙuri maigida, saura ɗaya."

Na ja benci na zauna. Akwai ɗ guda uku a sunayen da ke katin, bai taɓa ko ɗaya ba tukuna.