Zaɓen Iri da Ingancin Gashin Moheya

Moheya gashi ne mai sheƙi da ake aske wa awakin Angora, waɗanda asalinsu yankin Ankara ne a Turkiyya. A 1838 aka kai su Afirka ta Kudu, ƙasar da ta fi kowace samar da shi yanzu, musamman a yankin Karoo.

Sirantar gashin da sheƙinsa gado ne, shi ya sa makiyaya ke tsananta zaɓen bunsurun barbara. Abin da suka fi gudu shi ne wasu zaruruwa farare masu kaushi da ba sa kama rini, waɗanda kan yawaita idan an gauraya Angora da awakin gida. Zaɓen iri don yawan gashi kaɗai kuwa yakan jawo kaurinsa, farashi ya faɗi.