Ranakun da Aka Rage Kuɗin Mai

Mutane da yawa sun ɗauka kuɗin fetur a Najeriya hawa kawai yake yi. An sha rage shi kuwa. Ni da na yi shekaru ina riƙe da littafin lodi a wata tashar mota a Kano, daga baya na zama sakataren reshenmu na ƙungiyar direbobi, ina iya tuna yadda tasha take kaurewa da hayaniya duk ranar da rediyo ya sanar da ragi. Abin da ban taɓa gani ba shi ne ranar da maiɗakina ta maido mini da canjin kuɗin cefane ta ce kaya sun sauka saboda mai ya sauka. Tsakanin famfon gidan mai da tukunyar miya akwai tafiya mai nisa, kuma ragin yakan zube a hanya.

A 1973 ne gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta tsayar da farashi ɗaya a duk faɗin ƙasa, lokacin lita ba ta kai kwabo 10 ba. A 1975 aka kafa asusun da ke biyan kuɗin dakon mai daga bakin teku zuwa cikin ƙasa, don mutumin Maiduguri ya saya kamar yadda na Legas ya saya. Mu na Arewa wannan tsari ya fi yi wa rana, ko da yake ba kowa ya san da shi ba. A shekarar ce kuma aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, sannan a 1980 aka buɗe matatar mai a garin. Obasanjo ya kai lita kwabo 15.3 a 1978, Shagari ya mai da ita kwabo 20 a 1982. Albashi mafi ƙanƙanta da aka tsayar a 1981 naira 125 ne, wato masinjan ofis yana iya sayen lita sama da 800 da albashinsa na wata. A wancan zamani fetur ba ya cikin lissafin magidanci. Man da gida ya sani kananzir ne, na fitilar ƙwai da na risho, shi ma yaro ake aika da kwalba ya sayo a bakin layi.

Da Babangida ya zo da shirinsa na tsuke bakin aljihu a 1986, lita ta tashi zuwa kwabo 39.5. A 1988 ƙarin kwabo biyu da rabi kacal ya tayar da zanga-zangar da ta faro daga Jami'ar Jos ta bazu. Ya bar ta a kwabo 70. Daga nan ne aka shiga salon da ya zama mana jiki: a ɗaga da yawa, a yi yajin aiki, a sauke kaɗan, a kira shi ragi. A Nuwamban 1993 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Shonekan ta ɗauke lita daga kwabo 70 zuwa naira 5, Abacha ya karɓi mulki ya mai da ita naira 3.25. A Oktoban 1994 shi da kansa ya ɗaga ta zuwa naira 15, bayan kwana biyu ya dawo 11, rarar kuma aka kafa asusun PTF da ita, Janar Buhari ya shugabanta. Abdussalami ya ce 25 a ƙarshen 1998, ya dawo 20. Obasanjo ya ce 30 a Yunin 2000, shugaban ƙwadago Adams Oshiomhole ya fito da ma'aikata, aka tsaya a 22.

Duk waɗannan a takarda ragi ne. A tasha kuwa ba wanda ya taɓa lissafa su haka. Ranar da aka ce 30 mukan goge allo mu rubuta sabon kuɗin mota da ya dace da 30. Ranar da aka dawo 22, direba ba ya kallon 30 ɗin da aka bari, 20 ɗin da ya saba yake kallo, ya ce ai ƙari aka yi masa. Kuma gaskiyarsa. Mai tumatir da mai itace da mai buhun gero sun riga sun biya sabon kuɗin dako a makon tashin hankalin, sun ɗora a kan kayansu, ba kuma wanda zai bi su rumfa-rumfa ya ce su sauke.

A shekarun Abacha ma farashin gwamnati suna ne kawai. Naira 11 tana rubuce a jikin famfo, famfon kuma a bushe. Direbobinmu sukan kwana a layin mai da tabarma da buta, wasu su yi sallar asuba a gefen motarsu kwana biyu a jere. Wanda ba zai iya ba sai ya nufi 'yan bumburutu, samarin da ke jera galan da jarka a bakin titi, mazirari a hannu, suna ɗaga wa duk motar da ta rage gudu. Kuɗinsu shi ne kuɗin mai na gaskiya, kuma da shi muke yanke kuɗin mota. Na daɗe da lura cewa mai mai arha wanda babu shi ya fi mai mai tsada wanda ke akwai cutar da talaka, domin bayan kuɗin har da yinin da ya salwanta.

Ragin da mutanen Arewa suka fi ambato da alheri shi ne na marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Obasanjo ya ɗaga lita zuwa naira 75 ana saura kwanaki ya miƙa mulki a 2007, aka sauke zuwa 70 bayan yajin aiki. Sai a farkon 2009, bayan gangar ɗanyen mai ta faɗo daga dala 147 zuwa ƙasa da 40, gwamnati ta mai da ita 65 ba tare da kowa ya fito titi ba. Naira biyar ba ta sauya kuɗin motar Kano zuwa Zariya ba. Amfanin yana wani wuri dabam: farashin ya zauna daram har ƙarshen 2011. Mai gidan haya ya san abin da zai nema, mai shago ya san abin da zai sara, ma'aikacin da aka mai da albashinsa naira 18,000 a 2011 ya san kuɗinsa sun kai lita 270 da 'yan kai. A ganina zaman nan na kusan shekara uku shi mutane ke yabo, ko da bakinsu yana cewa ragi.

Ranar 1 ga Janairun 2012 Jonathan ya cire tallafi, lita ta kai 141. A Kano matasa suka tare a shataletalen Silver Jubilee, ƙasa ta tsaya cik har mako guda, aka dawo 97. Wannan tsohon salo ne. Wanda ya fi koya mini darasi shi ne na Janairun 2015, da aka sauke daga 97 zuwa 87 saboda ɗanyen mai ya karye a kasuwar duniya, zaɓe kuma ya ƙarato.

Washegari fasinjoji suka zo da maganar a bakinsu. Wani malamin makaranta ya tsaya a gaban tebur ya ƙi biya, ya ce sai an rage. Da yamma muka zauna a ofis, ciyaman ya ce, "Sakatare, ɗauko biro ka yi mana lissafi." Na yi. Ƙaramar motar da ke zuwa Kaduna da mutum shida takan sha kamar lita 25. Ragin naira 10 ya zama naira 250 a sawu, in an raba wa fasinja shida kowa ya sami naira 40 da ɗoriya, a kuɗin motar da ya haura dubu. Wani dattijon direba ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya ce, "Alhaji, a tambayi mai taya ko shi ma ya ji sanarwar." Ba wanda ya yi dariya. Watanni biyu kafin nan an karya darajar naira, wata guda bayan nan aka sake karya ta, har dala ta doshi naira 200. Taya da batir da baƙin mai da birki duk daga waje suke zuwa. Ga balas ɗin mai mota da ba ya sauka, ga kuɗin kamasho, ga abin da ake miƙawa a shingayen hanya wanda ba a rubutawa a littafi. Muka tashi allo yana yadda yake. Malamin nan yana da hujja, mu ma muna da ita, naira 40 ɗin kuma ta tafi wurin mai sayar da kayan gyara.

Akwai kuma abin da masu sharhi a rediyo suke tsallakewa. Abincin da ke shiga kasuwannin Dawanau da 'Yankaba, da wanda ke fita zuwa Kudu, ba fetur ke ɗaukarsa ba. Tirela da gingimari gas suke sha, gas kuwa an daɗe da sakar wa kasuwa shi. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, litarsa ta tashi daga wajen naira 300 zuwa 800, alhali fetur bai motsa sosai ba. Buhun masara ya ji a jikinsa, haka gidan burodi da injin casar shinkafa. Kananzir ma tun 2016 aka janye masa tallafi, shi ya sa risho ya koma ƙarƙashin gado, gawayi da itace suka dawo tsakar gida, masu hali suka koma tukunyar gas.

A Maris na 2020 an yi ragi mai kauri, daga 145 zuwa 125, har ya gangaro 121.50. Amma annobar korona ce ta kawo shi, an rufe gari, an hana tafiya tsakanin jihohi, da aka buɗe kuma aka ce a rage fasinja. Mai ya yi arha, kuɗin mota ya ƙaru.

To wa ragi yake isa wurinsa? Wanda ke zuba mai da hannunsa. Ƙanena yana noman rani a wajen Kura, kuma na tsaya a bakin gonarsa na ga yadda lissafin yake. Injin ban-ruwa yana gefen rijiyar burtsatse, jarka a kusa da shi, yana auna abin da zai zuba da gorar ruwa don kada ya wuce. In mai ya yi tsada ba ya daina noma, fili yake ragewa, ya bar kadada guda ya koma rabi, ko ya tsallake ban-ruwa ɗaya ya bar albasa ta ji ƙishi. In ya sauka, a daren nan yake gani a aljihunsa, domin babu ciyaman tsakaninsa da famfo. Haka ɗan adaidaita sahu, wanda ya gaji titunan Kano bayan an hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013: in ya cika balas ya biya mai, ragowar ita ce tuwon gidansa. Haka mai injin markaɗe, da tela da mai aski masu ƙaramin janareto, da mai burtsatsen da 'yan ga-ruwa ke cika kurarsu a wurinsa. Waɗannan ba lallai su rage wa abokin ciniki ba, amma bashin mai shago yakan ragu, yaro kuma a biya masa kuɗin makaranta a kan lokaci. Sauƙin na gaske ne, sai dai ba ya fitowa a farashin kwanon shinkafa, inda kowa yake nemansa.

Tsohon tsarin ya zo ƙarshe ranar 29 ga Mayun 2023, da Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cikin kwana biyu litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma 488 a Legas, 540 a Kano, 557 a Maiduguri. Bambancin nan shi ne nisan da asusun 1975 ya ɓoye mana kusan shekara 50. Aka saki naira a watan da ya biyo, kafin ƙarshen 2024 lita ta haura 1,000. Sabon albashi na naira 70,000 ya zama kamar lita 70. Da matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, daga baya ita da NNPC suka shiga rage wa juna, lita ta sauko ƙasa da dubu. Wannan ragi irinsa daban ne, kasuwa ce ta kawo shi, kuma kasuwa na iya ɗauke shi a mako mai zuwa. Direbobin da na bari a tasha sun ce ba za su taɓa allo ba sai sun ga farashin ya kwana biyu a wuri ɗaya.

'Yan'uwanmu na Nijar nasu ya zo ta wata fuska. Shekara da shekaru Maraɗi da Damagaram da Ƙonni suna shan arhar man Najeriya ta hannun 'yan ruwa-ruwa, ana tsallako da shi ta Jibiya da Illela da Maigatari a jarkoki, a sayar a kwalabe a bakin hanya. Ko buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011 bai kashe sana'ar ba, haka umarnin kwastan na 2019 da ya hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Cire tallafi ne ya karya ta. A Yulin 2024 gwamnatin soja a Yamai ta rage lita daga sefa 540 zuwa 499, ta rage gas ma tare da shi, abin da ba mu saba gani ba a nan. Amma duk waɗanda a da kwalba ke shayar da su sun koma famfo, matatar kuma ganga 20,000 take iya tacewa a rana. A Maris na 2025 layin mai ya miƙe a Yamai da sauran garuruwa, sai da aka aiko jami'ai Abuja neman tankoki.